Toshe fot a kan rauta: inda yake amfani da inda ƙarfinsa ya ƙare

Duk mai sana'ar haɗa intanet a ofisoshi da makarantu da otal-otal na Abuja ya san buƙatar da masu wuri suka fi zuwa da ita bayan an gama jan waya an kunna rauta, wato na'urar da ke raba intanet ga kwamfutoci da wayoyin wurin. Mai wurin zai ce, "Injiniya, yaran nan sun cinye mana data, ka toshe min YouTube da TikTok." In kuma ya taɓa jin labarin fot, sai ya ƙara da cewa ai an ce kowane abu da lambarsa, a nemo lambar a rufe. Kukan nasa yana kan hanya, domin kuɗin data ba wasa ba ne. Makamin da ya zaɓa ne bai dace da aikin ba. Abin da ya fi damuna kuwa, a kan wannan rautar da ake ta fama a hana ma'aikata kallon bidiyo, sau da yawa za ka tarar ƙofofin da masu kutse ke nema dare da rana a wangale suke, babu wanda ya waiwaye su. Tace zirga-zirga da lambar fot yana da matuƙar amfani, amma amfaninsa ya fi yawa wajen tsare wuri daga na waje. Wajen sa ido kan abin da na ciki ke kallo, ƙarfinsa kaɗan ne.

Duk abin da ke tafiya a intanet, rubutu ne ko hoto ko murya, ana daddatsa shi ne zuwa ƙananan ƙunshi, kowane ƙunshi da bayani a goshinsa. Bayanin yana ɗauke da adireshin IP na mai aikawa da na mai karɓa, da nau'in jigilar, wato TCP ko UDP, sai lambobi biyu: fot ɗin da ƙunshin ya fito da fot ɗin da ya nufa. Mu ɗauki Banex Plaza da ke Wuse 2. Adireshin IP shi zai kai ɗan aike bakin ginin, lambar fot kuma ita ce lambar shagon da zai miƙa kayan. Kwamfuta ɗaya tana iya riƙe ayyuka da dama a lokaci guda, shafin intanet da imel da rumbun fayiloli, kowanne yana zaune a lambarsa yana jiran baƙo. Rauta mai tace fot maigadi ne a bakin get, yana karanta lambar shagon da ke jikin kwali ya ce wuce ko koma. Ba ya buɗe kwalin. Shi ya sa aikin ke da sauri, ko ƙaramar rauta tana iya yinsa ba tare da ta galabaita ba, shi ya sa kuma akwai abubuwa da yawa da ke wuce ta ba ta sani ba.

An ware wa lambar fot bit 16, wato gurbi 16 da kowanne ke ɗaukar 0 ko 1, don haka lambobin sun fara daga 0 sun tsaya a 65535. TCP yana da jerinsa, UDP yana da nasa, saboda haka 53 na TCP daban yake da 53 na UDP, kuma dokar da ta rufe ɗaya ba ta taɓa ɗayan ba. Hukumar IANA ce ke riƙe da rajistar, ta kuma kasa lambobin gida uku. Daga 0 zuwa 1023 na sanannun ayyuka ne: 80 na shafukan intanet marasa kariya, 443 na shafuka masu kariya, 53 na DNS mai mayar da sunan shafi zuwa adireshi, 25 na jigilar imel tsakanin saba da saba (kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima), sai 22 na SSH da 23 na Telnet, hanyoyi biyu na shiga na'ura daga nesa a ba ta umarni. Daga 1024 zuwa 49151 kamfanoni ne ke yin rajistar nasu, irin su 3389 na shiga kwamfutar Windows daga nesa. Sauran, daga 49152 zuwa ƙarshe, na aro ne, ana ɗauka a yi aiki a mayar. Wannan rabon yarjejeniya ce kawai. Babu abin da ya hana mutum ɗora kowace manhaja a kowace lamba, kuma duk raunin wannan hanyar tacewa daga nan ya samo asali.

A kan lambobin aron nan ne sababbin shiga sana'ar suka fi tuntuɓe. Lokacin da kwamfutar sakatariya ta buɗe shafin banki, ƙunshin yana nufar fot 443 na sabar bankin, amma yana fitowa ne daga wata lamba da kwamfutar ta ɗauka a take, a ce 51724. In amsa za ta dawo, lambobin juyawa suke yi: ta fito daga 443, ta nufi 51724. Wanda ya rubuta doka ya sa lambar a gurbin mafito maimakon gurbin manufa, dokarsa za ta zauna a jeri tana nan kamar tana aiki, alhali ba ta kama komai. Tsofaffin matatai da ba su tuna abin da ya wuce sai sun bar dubban manyan lambobi a buɗe don amsoshi su samu shigowa. Rautocin yanzu suna riƙe da rajistar kowace hira da aka fara daga ciki, in ƙunshi ya zo daga waje sai su duba ko amsar hirar da suka sani ce. In ita ce ya wuce, in baƙo ne da ba a gayyata ba a jefar da shi. Saboda haka dokar farko a kusan kowane tsari mai kyau ita ce a karɓi duk abin da ke cikin hirar da ta riga ta kafu, sauran dokokin sai su ji da sababbin masu ƙwanƙwasawa.

Jerin dokokin ma yana da ƙa'idarsa. Rauta tana karantawa daga sama zuwa ƙasa, dokar da ta fara dacewa da ƙunshi ita ce mai hukunci, ba a duba na ƙasanta. In ka sa dokar yarda da kowa a layi na 2, sannan ka sa dokar toshe 23 a layi na 9, ka yi aikin banza. Akwai kuma bambanci tsakanin na'urorin da suka fi yawa a ofisoshinmu wanda ya kamata kowa ya haddace. A na'urorin Cisco, duk jerin dokokin da ka ɗaura yana da wata doka ɓoyayyiya a ƙarshensa mai hana duk abin da ba a ambata ba, don haka in ka rubuta dokar toshe fot ɗaya tak ka ɗaura ba ka ƙara ta yarda ba, ka yanke wa kowa intanet. A MikroTik abin akasin haka ne: ƙunshin da ya kai ƙarshen jeri bai dace da kowace doka ba, wucewa yake yi. Tsarin da na'urar ke zuwa da shi daga kamfani yana da dokar da ke korar baƙi daga waje, amma masu haɗawa da yawa suna share wannan tsarin gaba ɗaya don su fara daga fari, su saita adireshi da Wi-Fi, intanet ya kawo, a biya su, su tafi. Rautar tana aiki lafiya lau a idon mai ita, kuma kowace ƙofa tata a buɗe take.

A MikroTik ɗin dai akwai wani rabo da ake yawan rikitawa. Jerin input na ƙunshin da ya nufi ita kanta rautar ne, jerin forward kuma na wanda zai ratsa ta ya wuce zuwa wata na'ura. Mai son kare rautar daga masu kutse amma ya zuba dokokinsa a forward, bai kare ta ba. Sannan hana shiga iri biyu ne. Drop yana jefar da ƙunshi shiru, mai aikawa ya yi ta jira har ya gaji. Reject yana mayar masa da amsar cewa a rufe take. Ni dai ina ganin na waje shiru ya dace da shi, na ciki kuwa gara a ba shi amsa, don kada manhajarsa ta tsaya tana juyi ya ɗauka intanet ne ya lalace ya fara kiran waya.

Me ya sa nake nacewa a kan ƙofofin da ke kallon waje? Saboda tarihin manyan ɓarnar da aka yi a intanet cike yake da lambobin fot. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa zagaya intanet tana ƙwanƙwasa fot 23 da 2323, duk inda aka amsa sai ta gwada sunaye da kalmomin sirri kimanin 60 irin waɗanda kamfanoni ke sa wa kyamarorin tsaro da rautoci tun daga masana'anta. Da na'urorin da ta tara aka kai wa kamfanin Dyn mai hidimar DNS hari ranar 21 ga Oktoba na shekarar, Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka ƙi buɗuwa a sassan Amurka. Kada a ce abin na Turawa ne: wani reshe na Mirai ɗin aka juya kan kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya har intanet na ƙasar ya jigata, kuma wata kotu a Ingila ta ɗaure wanda ya yi aikin a Janairun 2019. A watan Nuwamban 2016 kuma rautoci kusan 900,000 na abokan cinikin Deutsche Telekom a Jamus suka daina aiki sakamakon hari ta fot 7547. Ranar 12 ga Mayun 2017 wata muguwar manhajar kuma mai suna WannaCry ta ɓarke ta fot 445, wanda Windows ke amfani da shi wajen raba fayiloli, ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Microsoft ya riga ya fitar da gyaran tun watan Maris. Wanda ya sabunta Windows ɗinsa ya tsira, wanda kuma bai bar 445 yana kallon intanet ba ya toshe mata babbar hanyar shigowa.

Wanda ya fi shafar mu shi ne na 2018. MikroTik, kamfanin ƙasar Latbiya da na'urorinsa suka zama ruwan dare a otal-otal da rukunin gidaje da wajen ƙananan masu sayar da intanet, ya toshe wata kafa a Winbox, manhajar da ake saita rautocinsa da ita, a watan Afrilun shekarar. Kafar tana bai wa duk wanda ya iya isa fot 8291 damar kwashe sunaye da kalmomin sirrin rautar ba tare da ya san ko ɗaya ba. Watanni kaɗan bayan haka masu bincike suka gano rautoci kimanin 200,000, akasarinsu a Brazil, an cusa musu manhajar haƙar kuɗin kirifto. Doka mai layi ɗaya, wadda ta ce kada kowa ya taɓa 8291 daga waje, da ta wadatar.

Wani zai ce wa ya san da ƙaramin ofishinmu a Gwarinpa ko Lugbe da har zai neme mu. Ba mutum ne ke zaune yana zaɓen wanda zai yi wa kutse ba. Adireshin IPv4, wato tsarin adireshin IP da aka saba da shi, gaba ɗaya kimanin biliyan 4.3 ne, kuma tun 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan suka fitar da manhajar ZMap da ke iya ƙwanƙwasa fot ɗaya a dukkansu cikin ƙasa da minti 45. Don haka sauya lamba, a ɗauke SSH daga 22 a kai 2222, yana rage hayaniya a rajistar rauta amma ba kariya ba ce. Abin da ya dace shi ne a rufe komai daga waje, sannan a buɗe abin da ya zama dole, shi ma ga adireshin da aka sani. In shugaban kamfani yana son ganin kyamarorin shagonsa na Utako daga Kano, ko akanta yana son shiga kwamfutar ofis daga gida, kada a tura fot ɗin kyamarori irin su 8000 da 37777, ko 3389 na kwamfuta, kai tsaye zuwa intanet. A kafa VPN a kan rautar, wato rufaffiyar hanya mai kariya ta cikin intanet, irin su WireGuard ko makamancinsa, ƙofa ɗaya mai mabuɗi, duk mai izini ya bi ta nan. A kuma kashe UPnP, domin aikinsa shi ne barin kowace na'ura ta ciki ta buɗe wa kanta ƙofa ba tare da ta tambayi kowa ba.

Akwai wata ɓaraka da ke cin data kai tsaye, masu wuri kuma su ɗora wa ma'aikata laifi. In an kunna wa rauta amsa tambayoyin DNS amma ba a rufe 53 ta ɓangaren waje ba, masu kai hari suna aiko mata ƙananan tambayoyi da adireshin bogi, ita kuma ta yi ta aika manyan amsoshi ga wanda ake son durƙusarwa. Layin zai yi nauyi, na'urar ta yi zafi, data ta yi ta zurarewa ko da tsakar dare babu kowa a ofis.

To, a dawo kan buƙatar mai wuri. Shekarun baya, lokacin da kowace manhaja ke zaune a lambarta, toshe fot yana ɗan yin tasiri: a rufe 6881 zuwa 6889, masu saukar da fina-finai ta BitTorrent su ji a jikinsu. Wannan zamanin ya wuce. Manhajojin BitTorrent yanzu lambar da suka ga dama suke ɗauka. YouTube, TikTok, Facebook, Gmail, shafin banki, shafin biyan haraji, manhajar lissafin kamfanin da ke kan intanet, duk ta 443 suke bi, kuma a rufe suke ruf ta yadda rauta ba ta ganin cikinsu. Ka toshe 443 ka kashe aikin ofis baki ɗaya. Ka bar shi ka bar komai. Manhajoji ma an gina su ne su nemi wata hanya in an tare su. WhatsApp yana amfani da 5222, in ya tarar a rufe ya bi ta 443. Zoom ya fi son UDP, in an hana shi ya koma TCP 443, taron ya ci gaba amma murya ta riƙa sarƙewa. Wasu kan toshe UDP 443 don su kashe QUIC, tsarin jigilar shafuka da bidiyo da Google ya faro aka kuma amince da shi a hukumance a 2021, sai burauza ta koma TCP cikin ƙiftawar ido, bidiyon ya ci gaba. Irin wannan toshe-toshen yakan zama gyaran gangar Auzinawa: bidiyon da ake son hanawa yana nan, taron da shugaba ke yi da abokan hulɗa ne ya lalace. Kuma 'yan Najeriya sun ƙware da VPN tun lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Da yawa daga manhajojin VPN suna iya bi ta 443 su saje da sauran zirga-zirga.

Wannan ba ya nufin tace abin da ke fita ba shi da amfani. Akwai lambobin da babu dalilin da zai sa su fita daga ofis. Kwamfutar ma'aikaci ba ta da hurumin aika imel ta 25, domin manhajojin imel ta 587 ko 465 suke bi, kuma in ka ga kwamfuta tana ta fita ta 25, galibi ta kamu ne tana watsa saƙonnin banza, ƙarshenta a sa adireshin ofishin a baƙin littafi, imel ɗinku na gaskiya ya daina isa. Haka 445 da 135 zuwa 139, aikinsu na cikin gida ne. A wurin da aikin kwamfutocin ƙayyadadde ne, kamar ɗakin jarabawa ta kwamfuta ko sabar ajiyar bayanan marasa lafiya, a rufe fita gaba ɗaya, a buɗe 'yan adireshi da lambobin da aikin ke buƙata. A nan tacewar tana aiki sosai, domin an haɗa lambar fot da adireshi.

Wanda ke son rage kallon bidiyo kuwa, amsar da zan ba shi ita ce, "Alhaji, lambar ba za ta yi maka ba, amma akwai hanya biyu." Ta farko a ƙayyade wa kowace na'ura iyakar gudun da za ta samu, ta yadda mai kallo ba zai danne mai aiki ba. Wannan shi ke magance ainihin matsalar, don ba ruwansa da ko bidiyon ta VPN ya biyo. Ta biyu a tace ta suna, wato ta DNS: a tilasta wa duk na'urorin ciki su yi tambaya ta rautar, a hana 53 fita ta wata hanya, a rufe 853 wanda wayoyin Android ke amfani da shi wajen DNS mai kariya, sannan a jera sunayen shafukan da ba a so. Makarantu ma suna iya nuna rautarsu ga 1.1.1.3 na Cloudflare, mai tace shafukan batsa da na cutar kwamfuta. Ita ma wannan hanyar tana da kafa, domin burauza na iya yin tambayar DNS ɗinta ta cikin 443, amma tana tare mafi yawan mutane.

Akwai wuraren da idon rauta ba ya kaiwa sam. Kwamfutoci biyu da ke kan layi ɗaya a cikin ofis suna hira ne kai tsaye ta suwic, wato akwatin da wayoyinsu ke haɗuwa a ciki, ƙunshinsu ba ya bi ta matatar rauta. In cuta ta shigo ta filashi ko ta imel, dokar toshe 445 da ke kan rauta ba za ta hana ta yaɗuwa daga tebur zuwa tebur ba. Otal ɗin da ya haɗa Wi-Fi na baƙi da kwamfutar karɓar kuɗi da na'urar kyamarori a layi guda ya bai wa duk wanda ya kama ɗaki damar ƙwanƙwasa su. Sai an raba su gida-gida da VLAN, wato tsarin kasa layi ɗaya zuwa rukuni-rukuni, kowane rukuni da nasa jerin adireshi, sannan zirga-zirgar da ke tsakaninsu za ta bi ta rauta har dokar fot ta samu abin kamawa. A kuma tuna cewa baƙon da ke kan Wi-Fi yana iya isa shafin saitin rautar daga ciki, don haka 8291 da 80 da 22 na rautar a taƙaita su ga kwamfutar mai kula da tsarin kaɗai.

Masu amfani da layin waya ko Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, galibi suna bayan wani babban shinge na kamfanin da ke ba su intanet, inda mutane da yawa ke raba adireshi ɗaya. Alamarsa ita ce ka ga adireshin waje na rautarka yana tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya fara da 10. A irin wannan layin baƙo daga intanet ba ya iya isowa ta IPv4, tura fot zuwa kyamara ma ba ya aiki. Amma ranar da ofis ya koma layin faiba mai adireshi na kansa, ko aka kunna sabon tsarin adireshi na IPv6 inda kowace na'ura ke iya samun adireshin da duniya ke gani, wannan rufin asirin ya yaye. Dokokin IPv4 kuma ba su shafi IPv6 ba, jerinsa daban ake rubutawa.

In za ka taɓa dokokin rauta daga nesa, ka kunna Safe Mode a Winbox, domin in dokar da ka sa ta yanke ka, na'urar za ta mayar da saitin yadda yake. A Cisco ana sa mata lokacin sake kunna kanta kafin a fara, in komai ya tafi daidai a soke. Ka rubuta dalilin kowace doka a gefenta saboda wanda zai gaje ka. Bayan ka gama, ka sauka daga Wi-Fi na ofis, ka hau datar wayarka, ka bincika adireshin ofishin da Nmap, manhajar da ke nuna fot ɗin da ke buɗe, ka ga abin da na waje ke gani. Gwajin daga ciki ba ya nuna gaskiya. Ka tsaya kan adireshinka ko wanda mai shi ya ba ka izini a rubuce, domin shiga kwamfutar wani ba da izini ba laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2015. Sannan ka duba ma'aunin da ke gefen kowace doka bayan kwana ɗaya ko biyu: dokar korar baƙi daga waje a layi mai adireshi na kansa za ka ga lambarta tana hawa, wadda kuma ta tsaya a sifili, ko dai an sa ta a jerin da ba nata ba, ko wata doka a samanta tana riga ta kama ƙunshin.